Idan Jakar Fitsari Ta Fara Yoyo

Wanda aka cire wa mafitsara yakan bar asibiti da abu biyu: ɗinki a ciki, da jakar roba manne a ƙasan cibiya ta ɓangaren dama. Ɗinkin zai warke cikin makonni. Jakar kuwa ta zo ke nan, kuma abin da ke hana yawancin masu ita sakat shi ne yoyo. Magidanci yana tsaye a sahu sai ya ji ɗumi na bin cinyarsa. Uwargida ta farka tsakar dare ta tarar da katifa sharkaf. In haka ta faru sau biyu sau uku, sai mutum ya janye daga jam'i, ya ƙaurace wa majalisa da gidan biki, ya kuma rage shan ruwa wai don fitsarin ya ragu. Wannan dabara ta ƙarshe ita ce mafi muni, domin ƙoda ce ke ɗanɗana kuɗarta.

Alhali kowane yoyo da dalilinsa, kuma galibi ana iya gano shi a gida, in an san inda za a duba.

Aikin da aka fi yi wa irin waɗannan majinyata shi ne wanda likitan Amurka Eugene Bricker ya bayyana a 1950. Ana yanko guntun ƙaramin hanji mai tsawon kamar santimita 15 tare da jijiyoyinsa na jini, a sake haɗe sauran hanjin, a ɗinka bututan nan biyu da ke saukowa daga ƙoda a jikin guntun, a rufe bakinsa na ciki, sannan a fito da ɗaya bakin ta fatar ciki. Wannan jan naman mai damshi da ke leƙowa shi ake kira sitoma. Ba shi da tsokar da za ta riƙe fitsari, saboda haka ɗigo-ɗigo yake fita dare da rana, lita ɗaya zuwa biyu a kullum. Ba ya jin zafi in an taɓa shi, yakan ɗan yi jini in an goge, kuma da yake hanji ne, bai daina fitar da majina ba. Farin zare-zaren da ake gani yana yawo cikin jaka wannan majinar ce, ba mugunya ba ce.

Me ke kai mutum ga wannan aikin? A Turai da Amurka shan taba ne kan gaba wajen jawo sankarar mafitsara. A ƙasar Hausa akwai wani sanadi na daban da ya ƙaru a kai, wato tsargiya, wadda yara ke ɗauka wurin wanka a tafki da fadama da magudanan noman rani. Theodor Bilharz ya gano tsutsar da ke kawo ta a Alƙahira a 1851, kuma a 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Ƙwan tsutsar yakan shekara da shekaru yana cin bangon mafitsara, kuma mutane da yawa ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa, ba abin da ya rage sai cirewa. Akwai kuma matan da doguwar naƙuda ta lalata wa mafitsara har gyara ya gagara. Wasunsu su ma sauya musu hanyar fitsari ake yi.

Jakar da faifanta

Jakar mannawa ta samo asali ne daga wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Denmak, Elise Sørensen. 'Yar'uwarta aka yi wa aikin hanji, ta daina fita don tsoron yoyo a gaban mutane, sai Elise ta ƙirƙiro jakar da ake mannawa a fata a yar bayan amfani, a 1954. Daga nan kamfanin Coloplast ya taso a 1957. Tun asali ke nan don maganin yoyo aka yi abin.

Kayan kashi biyu ne. Akwai faifai mai manne da ke kama fata, da huda a tsakiyarsa inda sitoma ke shiga, sannan akwai jakar kanta. Wasu a haɗe suke zuwa, wasu kuma faifan daban jakar daban, ana ɗosana ta a kai ta kama. Jakar fitsari ta gaskiya tana da alamu biyu: ɗan famfo a ƙasa na juyewa, da wani shamaki a ciki da ke hana fitsari komowa kan sitoma idan mutum ya kwanta. Jakar masu aikin babban hanji ba ta da ko ɗaya. Da yake kayan duk daga waje ake shigo da su, kuma ba kowane kemis ke da su ba, yana da sauƙi a miƙa wa ɗan aike jakar bayan gida a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Wanda aka aika ya nemi famfon da idonsa kafin ya biya kuɗi.

Shi ma faifan iri-iri ne. A shekarun 1950 likita Rupert Turnbull na asibitin Cleveland ya shigo da ƙaron karaya cikin harkar, ƙaron da ake samu daga dangin itacen nan kukkuki da ke dazuzzukanmu. Ya taimaki masu aikin hanji ƙwarai, amma fitsari na narkar da shi nan da nan. Mai jakar fitsari faifai mai jure ruwa yake bukata, irin wanda ke kumbura ya rungumi sitoma maimakon ya narke.

A juya tsohon faifai

Ga inda maganar take. Yawancin mutane da sun ɓamɓare faifan da ya yi yoyo sai su dunƙule shi cikin leda, ko kallo bai ishe su ba. Ƙwararriyar nas kuwa abin da za ta fara cewa shi ne, "Baba, kawo tsohon mu gani." Za ta juya bayansa, ɓangaren da ya taɓa fata, domin fitsari yakan bar sawu. Inda ya bi, mannen ya yi fari ya kumbura ko ya zaizaye. Inda bai kai ba, yana nan da launinsa.

Idan farin ya zagaye hudar daidai wa daida ya faɗaɗa zuwa waje, to ko dai faifan ya wuce kwanakinsa, ko hudar ta yi faɗi. Na biyun ya fi yawa a watannin farko. Sitoma a kumbure yake bayan aiki, kuma yakan yi ta raguwa har mako shida zuwa takwas. A ce an sallami mutum da ma'aunin milimita 35, ya koma gida ya ci gaba da yanka haka, alhali sitoman ya dawo 25. Ya bar fata tsirara mai faɗin milimita 5 ta kowane gefe, fitsari na kwanciya a kanta yana neman hanyar shiga ƙarƙashin manne. Tazarar da ake so tsakanin sitoma da bakin huda milimita ɗaya zuwa biyu ce, kada ta wuce uku. Don haka a watanni biyun farko ana aunawa duk ranar canji, daga baya kuma lokaci-lokaci, musamman in jiki ya ƙaru ko ya ragu. Ba kowane sitoma ne zagayayye ba. In mai tsawo ne ta gefe, a ɗora farar leda mai tsabta a zana siffarsa da alƙalami, a yanka bisa zanen, a bi bakin hudar da yatsa a lallashe kaifin.

Idan kuwa sawun siriri ne, ya miƙe ta gefe guda, kuma kullum ta nan yake bi, akwai kwari a fatar. Ninkin teɓa ne, ko tabon ɗinki, ko kusancin cibiya. Ba a ganinsa in mutum na kwance, shi ya sa komai kan tafi lafiya a gadon asibiti, matsala ta ɓullo a gida. A cire jaka, a zauna a kujera gaban madubi, a sunkuya kaɗan, kwarin zai bayyana. Maganinsa cikewa. Akwai zobe mai laushi na musamman da ake miƙarwa da yatsu a zagaye sitoma da shi, ko a gutsura a cusa a kwarin kafin a ɗora faifai. Akwai kuma wani kwaɓi da ake matsowa daga bututu, amma fitsari kan wanke shi da wuri, yawancinsa kuma da sinadarin da ke yi wa saluɓaɓɓiyar fata raɗaɗi. Zoben ya fi.

Wani lokaci ƙarƙashin faifan gaba ɗaya za a tarar a jiƙe tun kwana ɗaya bai cika ba. A dubi sitoman. In bai taso sama da fata ba, ko ya nutse ciki, fitsari a ƙasan faifai yake zuba maimakon cikin jaka. Nan ne ake komawa ga faifai mai doro, wanda bayansa ke danna fatar gefe ya turo sitoma waje, sau da yawa tare da siririn bel na roba da ke maƙalewa a kunnuwan jaka. Wannan ba abin da mutum zai yanke wa kansa ba ne, domin dannin kan iya yin rauni, musamman in ɗinkin gefen sitoma bai gama kamewa ba. Sai nas ko likita sun duba.

In kuma tsakiya lafiya lau take, gefen waje ne ya ɗago, to laifin na gumi ne, ko maiƙo, ko gashi, ko tufafi. Zariyar wando da ɗaurin zani sukan faɗo daidai kan faifai su yi ta gugarsa. A ɗaga ɗaurin sama da jaka ko a saukar da shi ƙasa, kada ya ratsa ta tsakiya ya datse fitsari a sama. Ɗagowa daga sama kuwa aikin nauyin jaka ne. Jakar da ta cika tana rinjayar fata kamar an rataya mata ledar fiya wata. Ƙa'ida ita ce a juye da zarar ta kai kashi ɗaya cikin uku, kada a bari ta wuce rabi.

Abu ɗaya da bai kamata a yi ba ko kusa: lafta filasta a inda ya ɗago. Filasta na tsare tufafi na ɗan lokaci, amma ta kulle fitsari a kan fata, gobe a tarar da wurin ya yi ja ya saluɓe, sabon faifai ya ƙi kamawa, a shiga zagayen da ba ya ƙarewa. Ƙaiƙayi ko raɗaɗi a ƙarƙashin faifai alama ce fitsari ya riga ya shiga, ko da ba a ga komai a waje ba. A canza nan take. Tsadar jaka ce ke sa mutane jinkiri, kuma uzuri ne na gaske, sai dai fatar da ta lalace takan ci jaka uku a inda lafiyayya za ta ci ɗaya.

Ranar canji

Faifan da ya zauna daidai yakan kai kwana uku zuwa biyar, wani har mako. Gara mutum ya tsayar da ranakunsa, ya canza kafin yoyo ya tilasta masa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe kafin a sha komai, sa'ad da fitsari ya fi ƙaranci.

A tanadi komai tukuna: sabon faifai an riga an yanka, ruwan ɗumi, ƙyalle mai laushi ko bandeji, ledar shara, da bandeji biyu-uku da aka naɗe kamar lagwani. A wanke hannu, a juye tsohuwar jaka. Wajen cirewa a fara daga sama, hannu ɗaya na riƙe da bakin faifai, ɗaya na danna fata yana raba ta da manne a hankali. Fizga na ɗaye saman fata. Da an cire, a ɗora naɗaɗɗen bandejin a bakin sitoma ya riƙa tsotse ɗigon, in ya jiƙe a sauya. In akwai mai taimako, miji ko mata ko ɗa, wannan ne aikinsa, kuma yana da kyau a ce a kowane gida akwai mutum na biyu da ya iya canjin tun daga farko har ƙarshe.

Ruwan ɗumi zalla ya isa wanke fatar. Sabulu mai maiƙo ko turare yana barin santsin da ke hana manne kamawa. Basilin, man kaɗanya, man zaitun da hodar jarirai duk haka, ko da hunturu ya busar da fata har tana fari. Sifirit da aidin suna ƙona ta. Gam ɗin kanti kuwa ko sholisho, kada ma a kawo su kusa. Mai gashi a ciki ya rage shi da almakashi ko injin aski, yana nesantar sitoma.

Sai bushewa, kuma a nan ne gaggawa ke kayar da mutane. Fata ta bushe ƙayau, a dangwala da ƙyalle, a yi fifita da mafici in ta kama. A ɗumama faifai tsakanin tafukan hannu ko a hammata na ɗan lokaci, a tsaya tsaye ko a ɗan jingina baya don fatar ta miƙe, a cire lagwanin, a ɗora daga ƙasa zuwa sama. A bi kewayen sitoma da yatsa a danna, sannan a kifa tafin hannu a kai minti ɗaya zuwa biyu, domin ɗumin jiki ne ke kama mannen. A tabbata famfo a rufe yake. Kada a tashi a kama sunkuye-sunkuye nan da nan.

Idan fata ta riga ta saluɓe tana tsattsafo da ruwa, akwai hoda ta musamman ta sitoma. Ana barbaɗa ta a kan raunin kaɗai, a kaɗe ragowar, a dangwala ruwan kariyar fata marar raɗaɗi a kai, a bari ya bushe. Ana iya maimaitawa sau biyu ko uku har ya yi ɓawon da manne zai kama. Jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi da 'yan ɗigo-ɗigo a gefensu galibi ƙwayar fangas ce, wadda zafi da damshi ke haifarwa. Hodar maganinta likita zai rubuta, ba mai shafawa ba. Farin gishiri-gishiri a kan sitoma, ko fata mai kauri launin toka da ta yi tsiro-tsiro, alamar fitsari ne da ya daɗe yana jiƙa wurin. Ana jiƙa bandeji da farin ruwan khal da aka surka rabi da rabi da ruwa, a ɗora na 'yan mintuna a ranar canji, a ɗauraye, sannan a gyara faɗin huda.

Dare, zafi da tafiya

Jakar rana ba za ta ɗauki fitsarin dare ba. Ana jona famfonta da doguwar roba zuwa babbar jakar dare mai cin kamar lita biyu. Dabara ƙarama mai amfani: a bar ɗan fitsari a jakar jiki kafin a jona, domin gangarowarsa ita ke kore iskar cikin robar, in an jona a bushe, jakar kan shaƙe ta ƙi zuba. A buɗe famfo bayan jonawa, a bi da robar ta gefen cinya a ɗaure sako-sako don kada ta murɗe in an juya. Babbar jakar dole ta kasance ƙasa da jiki. Mai kwana a gado ya sa ta cikin bokiti a ƙasa. Mai kwana a tabarma ko katifa a ƙasa yana bukatar ya ɗaga shimfiɗarsa, in ba haka ba fitsari ba zai gangara ba. Da safe a juye, a ɗauraye da ruwa da ɗan khal, a rataye ta bushe.

Bazara a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, inda zafi ke haura digiri 40, tana rage kwanakin faifai. Wanda ke kai kwana biyar da sanyi kada ya yi mamaki in ya koma uku. Ƙyallen auduga tsakanin jaka da fata yana tsotse gumi. Ajiyar kayan ma abin lura ce: kwalin da aka bari a mota ko a saman sif ƙarƙashin rufin kwano mannensa ya lalace tun ba a buɗe ba. A nemi wuri mafi sanyi a ɗaki, a kuma duba kwanan watan ƙarewa kafin a sayi da yawa.

Ruwa kuwa a sha, kamar lita biyu a yini, fiye da haka in ana gumi, sai fa in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda. Fitsari mai kauri ya fi cin fata da manne, ya fi wari, majinarsa ta fi toshe famfo. Maganar azumi a kai ta gaban likita tun kafin watan ya kama, musamman a shekarar farko.

Ta fuskar ibada, malaman fiƙihu ba su bar gurbin ba. Muhtasar na Shaihu Halil ya taɓo batun ƙofar da ta ɓulle a ciki bayan hanyar asali ta toshe, kuma littattafan Malikiyya sun yi sauƙi ga wanda fitsari ke zubo masa ba da ikonsa ba a mafi yawan lokaci. Mai jaka ya zauna da malaminsa ya ji hukuncin filla-filla maimakon ya yanke wa kansa barin jam'i. Abin da ke hannunsa shi ne juye jaka kafin alwala, domin sujada a kan cikakkiyar jaka tana matse fitsari zuwa manne.

Duk inda za shi, ko kasuwa ce, ya riƙe 'yar jaka da faifai yankakke, jaka sabuwa, bandeji, leda da wando na canji. Maniyyaci ya ninka adadin da yake zaton zai bukata, ya riƙe kaso mai yawa a jakar hannu tare da takardar likita, ya kuma yanka hudojin tun a gida, tunda ana iya karɓe almakashi a filin jirgi.

Akwai yoyon da ba a gida ake maganinsa ba. Kumburi a gefen sitoma da ke tasowa in an yi tari ko an tsaya, ƙaba ce, tana sauya siffar ciki har faifan da ya saba zama ya daina. Don gudunta ake hana ɗaukar kaya masu nauyi, har da jarkar ruwa da buhu, a watanni biyu zuwa uku na farko. Zazzaɓi da ciwon kwiɓi, amai, fitsari mai jini ko mai tsananin wari da duhu, sitoma da ya koma baƙi ko ruwan toka, ko jaka ta yi awanni babu ɗigo alhali ana shan ruwa, duk na zuwa asibiti ne a ranar. In za a gwada fitsarin, daga bakin sitoma ake ɗiba, ba daga jaka ba, domin na jaka kullum da ƙwayoyin cuta a ciki, zai sa a sha maganin da ba a bukata. Sassan mafitsara na asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri, nan ne ya fi dacewa a nufa da matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kuma a tafi da tsohon faifan cikin leda.

Ga wanda ba a riga an yi wa aikin ba, akwai damar da ba ta dawowa. Wurin da za a fito da sitoma ana zaɓensa ne kafin a shiga ɗakin tiyata, a sa masa alama da alƙalami bayan an duba cikin mutum a kwance, a zaune, a tsaye da kuma a sunkuye, nesa da cibiya, tabo, ƙashin ƙugu da ninkin fata, a inda idonsa zai iya gani. Majinyaci ko ɗan'uwansa ya roƙi a yi wannan, kuma ya je da wandon ko zanen da ya saba ɗaurawa, a ga inda zariya ke zama kafin a sa alamar.